Fashin baƙi kan kiwon tana a gida a zafin Sudan

Wanda ya taɓa sa fartanya a ƙasar Jazira ko ta Gadarif ya san halinta. Baƙar laka ce mai nauyi, da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta riƙe takalmi ta ƙi saki. Ƙasar tana ba da dawa da auduga da riɗi, amma ruɓaɓɓen ganye da taki sun yi mata kaɗan, shi ya sa a ɗan lambun tsakar gida za ka ga an yi ban-ruwa ruwan ya kwanta a sama, bayan kwana biyu fuskar ƙasar ta yi ɓawo, kuɓewa da lalo su fito a ƙanjame. Takin zamani kuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya yi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. A nan ne takin tana yake da amfani, domin kayan haɗinsa duk suna cikin gida: kashin dabbobi, ɓawon kayan miya, tsohon kwali, da ruwa kaɗan.

Aikin a taƙaice shi ne a ajiye tana a wuri mai danshi, a riƙa ba ta abin da ya fara ruɓewa, ita kuma ta mayar da shi baƙin taki mai laushi kamar garin shayi, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Sai dai yawancin bayanan da ake yaɗawa a kan wannan kiwo daga ƙasashe masu sanyi suka fito, inda fargabar mai kiwo ita ce ƙanƙara. Mu a nan zafi ne ke kashe tana, kuma wanda bai fara da wannan lissafi ba zai yi asarar kiwonsa a watan Afrilu ko Mayu, ko da ya yi komai daidai.

Wace tana ce ta kiwo

Ba kowace tana ce ke zama a akwati ba. Wadda ake tonowa daga cikin ƙasa mai zurfi, mai launin toka ko fari-fari, ƙasa take ci, rami take so, in an kulle ta cikin taki sai ta rame ta mutu. Ta kiwo ita ce mai zama a sama-sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da tsohuwar jujin shanu. Biyu ne suka fi shahara. Akwai jar tana, wadda masana ke kira Eisenia fetida, gajera ce mai zobe-zobe a jiki, tana jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25, in zafin shimfiɗarta, wato jiƙaƙƙen taki da ganyen da take kwance a ciki, ya kai wajen 35 sai ta fara mutuwa. Akwai kuma Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, doguwa ce mai sheƙi ja-ja da shuɗi-shuɗi, tana iya kai santimita 15 ko fiye. Ita ta fi son digiri 25 zuwa 30, tana saurin girma da hayayyafa, amma ba ta jure sanyi, in ya sauka ƙasa da digiri 10 tana halaka. Ga mai kiwo a Sinnar, Mai Wurno, Damazin ko Kasala, wannan ta biyun ta fi dacewa. Amma kada a ɗauka cewa ita ba ta jin zafi. Ita ma in shimfiɗa ta haura 35 ta daɗe a haka, ba za ta kai labari ba.

In babu mai sayarwa a kusa, ana iya tara ta gida. A nemi lambun ayaba ko gindin mangwaro a bakin kogi inda ganye ke taruwa kuma ƙasa ba ta bushewa. A zuba tsohon kashin shanu kamar kwano huɗu a ƙasa, a jiƙa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a ɗaga buhun da sassafe. Waɗanda suka hau cikin takin, jajaye masu saurin motsi, su ne ake so. A kwashe su tare da takin da suke ciki, domin a cikinsa akwai ƙwayayensu da ƙananan halittun da suka saba da su. Wannan iri na gida yana da wata fa'ida da na saye ba shi da ita: ya riga ya saba da yanayin wurin.

Mazauni, inda aka fi yin kuskure

Tana ba ta da huhu, ta fata take numfashi, kuma fatar sai tana da danshi iska ke ratsa ta. Ba ta da gumi, ba ta da hanyar sanyaya jikinta, zafin shimfiɗarta shi ne zafin jikinta. A watannin bazara kuwa iskar tsakiyar Sudan tana haura digiri 40 kusan kullum. Robar fenti ko baƙin bokiti da aka ajiye a tsakar gida a irin wannan lokaci tukunyar dahuwa ce. Ko a inuwa, roba mai sirin jiki tana ɗaukar zafin iska cikin sa'o'i kaɗan, saboda babu abin da ke tsakanin tana da waje.

Maganin yana cikin abin da kowane gida a Sudan ya sani, wato zir, randar ruwan sha. Abin da ke sanyaya ruwan zir shi ne tsattsafowar da yake yi ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, dabarar kuma ta shigo Sudan ta sami karɓuwa. Ita ce dai za a yi wa tana. A samu babbar tukunyar ƙasa mai faɗin baki, a huda gindinta huji uku ko huɗu, a zaunar da ita cikin wadda ta fi ta girma, a cika tsakaninsu da yashi mai kaurin yatsa uku, a jiƙa yashin safe da yamma. A rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. A busasshiyar iskar Maris zuwa Mayu wannan yana rage zafin ciki sosai. Da damina aikinsa yana raguwa saboda iska ta riga ta ɗauki danshi, amma a lokacin zafin ma ya sauka.

Tukunya ta ishi ƙaramin gida. Mai shanu ko awaki da yawa kuwa kwami zai gina. A nan akwai zaɓi biyu, kuma irin ƙasar wurin ce ke yanke hukunci. Inda ƙasa ke da yashi tana shan ruwa, a haƙa rami mai zurfin santimita 40 zuwa 50, faɗin mita 1, tsawon mita 2, a jera jan bulo a bangonsa, a zuba tsakuwa a ƙasa, sannan a ɗaga bakinsa da bulo biyu sama da ƙasa don kada ruwan sama ya malalo ciki. Ƙasa da kanta tana riƙe sanyi, rabin mita a ƙarƙashi bai san zafin azahar ba. Amma a baƙar laka rami tarko ne: ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta zai cika shi ya tsaya, tana ta nutse ko ta gudu. A irin wannan ƙasa sai a gina a sama, bango biyu na jan bulo da tazarar santimita 10 a tsakani, a cika da yashi a riƙa jiƙawa, a bar ƙananan kafofi a layin ƙasa don ruwa ya fita. Kada a shafe bulon da siminti, numfashin bulon ake buƙata.

Ko tukunya ko kwami, inuwa dole ce, kuma inuwar da ba ta gushewa. A duba wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, domin ranar yamma ce ta fi yin ɓarna. Gindin darbejiya mai duhu, ko ƙarƙashin rumfar zana, ya fi rumfar kwano, wadda ke sauke zafi a kan abin da ke ƙarƙashinta. Kusa da mazaunin zir wuri ne mai kyau, ga sanyi ga ruwan da ke ɗiga. Faɗi ya fi zurfi muhimmanci, saboda tana a saman santimita 15 zuwa 20 take cin abinci, amma a ƙasarmu kada shimfiɗar ta gaza santimita 30, don in sama ta yi zafi ta sami inda za ta sauka ta fake.

Sai lokacin farawa. Ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, wato Oktoba zuwa Disamba, shi ne daidai. Tana za ta sami wata huɗu ko biyar ta yawaita ta zuba ƙwai kafin bazara, ƙwan kuma ya fi uwar jure wahala, ko manya sun ragu a Mayu za a ga ƙanana sun fito da saukar ruwa. Wanda ya sayo tana a Afrilu ya jefa kuɗinsa a wuta.

Shimfiɗa da ruwa

Shimfiɗa ita ce ɗakin tana kuma abincinta na farko. A haɗa kashi biyu na busassun abubuwa da kashi ɗaya na tsohon kashin shanu, jaki ko awaki. Busassun su ne kwalin da aka yayyaga aka cire masa leda da salatif, ɓawon gyaɗa da aka ɗan daka, karan dawa da aka sassara ƙanana, da busasshen ganye. A jiƙa su kwana ɗaya, a matse, a zuba sako-sako ba tare da dannawa ba. A barbaɗa yashi tafin hannu ɗaya, domin tana ba ta da haƙori, da ƙwayar yashi take niƙa abinci a cikinta kamar yadda kaza ke yi da tsakuwa. Baƙar laka kuwa kada a zuba, tana toshe iska.

Ɗanyen kashin dabba shi ne abu na biyu da ya fi kashe tana bayan rana. Idan aka tara shi da danshi yana ɗaukar zafi da kansa har ya haura digiri 60, ga kuma warin fitsari mai ƙona fata. Sai an tara shi gefe, an jiƙa, ana juyawa duk bayan kwana uku ko huɗu har mako biyu zuwa uku, sai an cusa hannu tsakiyarsa an ji babu ɗumi. Na garken awaki da tumaki yakan zo da gishirin fitsari, a zuba masa ruwa ya tsane sau biyu kafin a tara. Kashin kaji ya fi kowanne zafi, mai farawa ya bar shi. Dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki ma a ware kashinta na makonnin farko.

Gwajin danshi a hannu yake. A damƙi shimfiɗar a matse da ƙarfi: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, daidai ne. In ruwa ya zubo, ta jiƙe da yawa, a ƙara busasshen kwali. In ba ta dunƙule ba, ta bushe. Da rani ana yayyafi kullum, wani lokaci sau biyu, bayan guguwar habub kuwa a duba nan take don tana busar da buhun rufi cikin ɗan lokaci. Yayyafi ake yi, ba kwarara ba. Ruwan famfo mai warin magani a bar shi a buɗe ya kwana. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri yana tara gishiri a shimfiɗa sannu a hankali, alamarsa farin ɓawo a bakin tukunya, in akwai na kogi ko na sama a fifita shi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da kyau, na sabulu da omo kuwa guba ne.

Kafin a zuba tana duka, a gwada da guda goma. In sun nutse ciki cikin minti kaɗan, washegari kuma aka same su lafiya, shimfiɗa ta yi. In suna hawa bango suna neman fita, akwai abin da bai yi ba, yawanci zafi ne ko ɗanyen taki.

Ciyarwa

Kilo ɗaya na jar tana ya kai guda 2,000, doguwar kuwa ba ta kai haka ba saboda nauyinta. Mazauni mai faɗin santimita 60 da 40 rabin kilo ya ishe shi farawa. Ana yawan cewa tana na cin rabin nauyinta a rana, amma wannan sai komai ya daidaita. A lissafa rubu'i: rabin kilo na tana, abinci kamar gram 125 a rana, wato ƙasa da kilo ɗaya a mako. A makon farko ma kada a ba ta komai, shimfiɗar ta ishe ta.

Tana son ɓawon kankana, kabewa, ayaba, gwanda da mangwaro, da ragowar tumatir, kuɓewa da ganyen miya, da ganyen shayin da aka tace, da tukuɗin gahawa. A yayyanka ƙanana, a tona gefe ɗaya a binne ƙarƙashin shimfiɗa kamar yatsa uku, wani karon a koma wani gefen. Ba a ƙara sabo sai na baya ya kusa ƙarewa. Abin da ba a sawa: nama, ƙashi, kifi, madara, mai, da duk abin da gishiri ya taɓa, wato ragowar ful (dafaffen waken Sudan), miya da tuwo da aka ci da miya duk sun fita. Barkono, albasa, tafarnuwa da ɓawon lemun tsami sai ɗan kaɗan ko a bar su. Tukuɗin zoɓo da tsamiya suna da tsami, ragowar kisra (siririyar wainar dawa) da ƙullu kuma suna tsami su yi zafi, waɗannan a kai su tarin takin waje su ruɓe tukuna. Kashin mutum, na kare da na kyanwa ba su da wuri a nan ko kaɗan, domin wannan taki ba ya yin zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zuba toka don a kashe tsami ko a kori ƙwari. Toka tana da kaifi kamar kanwa, tana ƙona fatar tana. Abin da ake sawa shi ne ɓawon ƙwai da aka busar aka daka ya yi gari, cokali ɗaya ko biyu a mako.

A watannin zafi a rage abinci zuwa rabi. Ruɓewa da kanta tana haifar da ɗumi, kuma ɗumin da ba a jin sa a Janairu shi ne zai ƙarasa tana a Mayu. A lokacin a fi ba da ɓawon kankana da jiƙaƙƙen kwali, a shimfiɗa su sirara.

Alamomin matsala

Hanci ne ma'auni na farko. Mazauni mai lafiya ƙanshin ƙasa yake yi. Warin ruɓa ko na tsami yana nufin abinci ya yi yawa ko ruwa ya toshe iska: a kwashe abin da ya lalace, a ƙara busasshen kwali, a ɗaga shimfiɗar a hankali da hannu, a dakata da ciyarwa mako guda. Tana da ta taru dunƙule a gindi ko a kusurwa tana gudun zafi ne ko bushewa. In kuwa an buɗe aka tarar babu ko ɗaya, ba lallai ne guduwa suka yi ba, jikin tana kusan duk ruwa ne, in ta mutu a zafi tana narkewa cikin kwana ɗaya ko biyu ba a ga gawa.

Tururuwa da cinnaka suna shiga ne in shimfiɗa ta bushe, don haka ganinsu gargaɗi ne. A ƙara danshi, a ɗora tukunyar a kan mazauni mai ƙafafu, kowace ƙafa cikin gwangwanin ruwa. Gara tana bin kwali da kara, shi ya sa akwatin katako a ƙasa ba ya daɗewa. Kaji, ɓera, jaba, kwaɗi da ƙadangare duk masu cin tana ne, maganinsu murfin raga mai ƙananan ido da aka danne da dutse. Shanshani ma yana cinta, a kashe shi in an gani, ƙadandoniya kuwa ruɓaɓɓen ganye take ci, a ƙyale ta. Abu ɗaya da ya kamata kowa a gidan ya sani, musamman yara: wuri mai sanyi da danshi a tsakiyar rani yana jawo kunama, wani lokaci har maciji. Kada a cusa hannu ƙarƙashin buhu kai tsaye, a ɗaga shi da sanda, a duba, sannan a taɓa.

Wani lokaci za a ga wasu tsutsotsi masu kauri, launin ƙasa-ƙasa, masu gaɓa-gaɓa, sun cika wurin abinci. 'Ya'yan wani baƙin ƙuda ne mai kama da zanzaro, ba ya cizo. Ba sa cin tana, amma suna cinye abincinta su ɗumama shimfiɗar. A tsince su a watsa wa kaji, a rage jiƙaƙƙen abinci, a riƙa binnewa da kyau.

Kwasa da amfani

Bayan wata uku zuwa huɗu shimfiɗar za ta sauka ƙasa da rabi ta koma baƙa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tura tsohon takin gefe ɗaya, a zuba sabuwar shimfiɗa da abinci a ɗaya gefen, a daina ciyar da tsohon. Cikin mako biyu zuwa uku yawancin tana za su ƙaura da kansu. Mai gaggawa kuma ya juye takin a kan buhu da sassafe, a inuwa mai haske, ya yi ƙananan tsibi. Tana ba ta son haske, za ta nutse, sai a riƙa yaye saman duk bayan minti goma har a iske su dunƙule a gindi. A tankaɗe da rariya mai idon milimita 4 ko 5. Za a ga wasu 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar dawa, masu siffar lemun tsami, rawaya ko ja-ja. Ƙwan tana ke nan, a mayar da su mazauni. Kowace tana tana da halittar namiji da ta mace, amma sai biyu sun haɗu, sannan kowacce ta yi ƙwai. Na jar tana yana ƙyanƙyashewa cikin mako uku, 'ya'ya biyu zuwa huɗu, su balaga cikin wata biyu, don haka in yanayi ya yi kyau yawansu yakan ninka cikin wata biyu zuwa uku.

Takin kada a shanya shi a rana. Rabin amfaninsa yana cikin ƙananan halittu masu rai da ke jikinsa, a zuba shi a buhu da ɗan danshinsa a ajiye a inuwa. Wajen renon iri, kashi ɗaya na taki cikin kashi huɗu ko biyar na ƙasa da yashi ya isa. Wajen dashen tumatir, gauta ko barkono, tafin hannu ɗaya a kowane rami. Ga lemo ko gwaiba, kilo ɗaya zuwa biyu a kewaye gindi, a ɗan tona a rufe da ciyawa, domin in aka bar shi a fili rana ta busar da shi ya yi tauri kamar tsakuwa. Ba ya ƙona saiwa yadda ɗanyen taki ke yi. Sai dai a san iyakarsa: sinadarin naitirojin da ke cikinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, alhali yuriya tana da 46. Ba zai ciyar da fadan biyar na dawa, wato kusan eka biyar, ba. Ƙarfinsa yana wajen gyara jikin ƙasa, ya sassauta laka ruwa ya ratsa, ya sa yashi ya riƙe danshi, kuma a lambun gida da wurin renon iri ne ake ganin wannan da ido. 'Ya'yan tumatir da na kankana da suka shiga cikin abinci za su tsiro a cikinsa, a cire su kawai.

Baƙin ruwan da ke tsiyayowa daga gindin tukunya ba taki ba ne tsantsa, ya ratso ta abincin da bai gama ruɓewa ba. In yana wari a zubar. In ba ya wari a sirka kashi ɗaya da ruwa kashi goma a zuba a gindin bishiya, ban da ganyen da ake ci ɗanye irin su latas.

Idan tana ta yi yawa a raba ta gida biyu, ko a ba maƙwabci iri, wanda hakan ma kariya ce, in naka ya mutu a bazara akwai inda za ka ɗebo. Rarar kuma kaji da agwagi suna cinta, muddin ba da kashin kaji aka yi kiwonta ba, don kada a mayar musu da ƙwan tsutsar ciki. Masunta kuwa, doguwar tana za ta yi musu amfani don ƙugiya, musamman da rani lokacin da ƙasa ta bushe ba a samunta da haƙa.